Ciwon Baya da Maganar Gocewar Ƙashi: Kairofirakta, Likitan Fisiyo ko Likitan Asibiti?

Wanda ciwon kwankwaso ya daɗe yana damunsa, har ruku'u da sujada suka zame masa aiki, yakan kai matakin da duk abin da aka ce yana magani sai ya kasa kunne. A 'yan shekarun nan wani sabon abu ya shigo cikin shawarwarin da ake ba irin wannan mutum, domin wayoyi sun cika da bidiyon mutanen da ake kwantarwa a kan wani siririn gado, a danna musu baya ko a murɗa musu wuya, a ji ƙas, su miƙe suna murmushi. Ana kiran sana'ar kairofiraktik, mai yin ta kuma kairofirakta, kuma da yawa daga cikinsu suna bayanin cewa wani ƙashi ne ya goce a gadon baya ya danne jijiya, shi ya sa jiki ya rikice. Sai mai ciwo ya rasa inda zai dosa tsakanin wannan hanya, da sashen gashin ƙashi na asibiti, wato fisiyo, da kuma likitan da zai rubuta masa magani ko ya tura shi hoto. Masu wannan damuwa ba kaɗan ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020.

Akwai magana biyu da ake yawan cakuɗawa, kuma dole a raba su kafin a auna komai. Ta farko ita ce gocewar ƙashin baya tana toshe saƙon jijiyoyi har ta haifar da cututtuka a wasu sassan jiki. Ta biyu ita ce danna gaɓoɓin baya da hannu yana rage ciwon bayan kansa. Ta biyun tana da hujja daidai gwargwado, ta farkon kuwa an shafe sama da shekara 100 ana neman hujjarta ba a samu ba. Saboda wannan ne na raba kairofiraktoci gida biyu a nan, domin sunan sana'arsu ɗaya ne amma abin da suke yi wa marar lafiya alkawari ya sha bamban.

Ma'aunan da za a bi

Ma'auni na farko shi ne hujja, wato ko an gwada hanyar a kan mutane masu yawa an kwatanta ta da wata, an ga amfaninta. Na biyu shi ne kuɗi, kuma abin dubawa shi ne jimillar abin da mutum zai kashe daga farko zuwa ƙarshe, domin kuɗin zuwa ɗaya yana iya ruɗin mutum. Na uku shi ne ɗorewa, wato ko sauƙin da aka samu yana zama ko yana gushewa bayan kwana biyu. Na huɗu shi ne sauƙin samu da sauƙin bi. Na biyar shi ne haɗari, kuma ya haɗa da illar da aikin zai iya yi kai tsaye da kuma illar ɓata lokaci a kan abin da ba shi ne ciwon ba.

Asalin nazariyyar da abin da ilimin jiki ya ce a kanta

Daniel David Palmer, haifaffen Kanada da ke zaune a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka, shi ne ya kafa wannan sana'a. Ba likita ba ne, yana dai warkarwa da abin da ake kira ƙarfin maganaɗisu a wancan zamani. Ya ce a ranar 18 ga Satumba 1895 ya danna wani ƙashi a saman bayan Harvey Lillard, ma'aikacin da ke kula da ginin da ofishinsa yake, wanda ya daɗe ba ya ji sosai, sai jinsa ya dawo. Daga nan ya gina ra'ayin cewa akwai wata basira ta halitta da ke gudana ta cikin jijiyoyi tana tafiyar da jiki, kuma ƙashin da ya goce, wanda suke kira sabulakseshan, yana tare mata hanya. Ya kai ga cewa kashi 95 cikin 100 na cututtuka daga gocewar ƙasusuwan baya suke. Ya buɗe makaranta a 1897, ɗansa B.J. Palmer kuma ya faɗaɗa ta ya mai da sana'ar babbar harka. Har gobe mabiyansu suna ba da misali da tiyon ruwa da aka taka, su ce idan an ɗauke ƙafa ruwa zai gudana, shuka ta farfaɗo.

Abin da ya sa maganar take shiga kunne shi ne akwai gaskiya a kusa da ita. Gadon baya yana da ƙasusuwa 24 masu motsi, 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, kuma laka tana bi ta tsakiyarsu, jijiyoyi tagwaye 31 suna fita ta ƙananan kafofi a gefe. Jijiya tana iya dannuwa da gaske. Idan faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu ya bulluƙo ya matse tushen jijiya, mutum yakan ji zafi yana sauka daga ɗuwawu ta bayan cinya har zuwa tafin ƙafa, wani yatsa ya daina jin taɓi, wani lokaci ma ƙafar ta riƙa ja a ƙasa har silifa ta riƙa zamewa ba tare da ya sani ba. Likita yana iya gane wace jijiya ce ta hanyar duba inda fata ta mutu da tsokar da ta yi rauni, hoton MRI, wanda ke nuna faifai da jijiyoyi, kuma ya tabbatar. To amma abin lura shi ne, jijiyar da ta dannu tana haifar da zafi da rashin jin taɓi da rauni a yankin da take yi wa aiki, ba a ga ta haifar da asma ko gyambon ciki ko ciwon kunnen yara ba.

Idan aka bi hanyoyin jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, nazariyyar tana ƙara raunana. Jijiyar ji tana tashi daga can cikin kunne ta shiga ƙwaƙwalwa ba tare da ta fita daga ƙoƙon kai ba, saboda haka babu ƙashin baya da zai taɓa ta, kuma wannan ya shafi labarin Lillard kansa. Babbar jijiyar da ake kira bagas, wadda ke kai saƙo ga zuciya da huhu da yawancin hanji, tana fita ne ta gindin ƙoƙon kai ta sauka ta wuya, ba ta bi ta kafofin gadon baya. Gaskiya ne akwai wasu jijiyoyi da ke fita daga bayan ƙirji zuwa kayan ciki, suna da hannu a bugun zuciya da matsewar hanyoyin jini, amma ƙodar da aka dasa wa mutum an yanke duk jijiyoyinta, kuma tana tace jini shekara da shekaru. A 1973 wani masanin ƙirar jiki na Jami'ar Yale, Edmund Crelin, ya ɗauki gadon bayan gawawwaki ya matsa su ya murɗa su da na'ura yana auna kafofin jijiyoyin, bai ga ƙashi ya danne jijiya ba sai da ƙarfin ya kai ga karya gadon bayan. Ƙarar ƙas ɗin da ake ji kuwa daga kumfar iska take da ke samuwa a cikin ruwan gaɓa idan an buɗa ta da sauri, irin wadda ake ji idan an ja yatsa, kuma ba ta nuna cewa wani ƙashi ya koma mazauninsa.

Kairofiraktoci na baya-bayan nan sun sauya bayani, suna cewa ƙashin bai goce ba, gaɓar ce ba ta motsi yadda ya kamata, sai ta riƙa aika gurɓataccen saƙo zuwa laka. An auna wasu 'yan canje-canje a tsoka da yadda mutum ke jin zafi jim kaɗan bayan dannawa, amma suna gushewa da wuri, kuma ba a nuna sun sauya tafiyar wata cuta ba. Akwai kuma matsalar da ta fi wannan, domin idan aka sa ƙwararru biyu su lalubi bayan mutum ɗaya kowa shi kaɗai, sau da yawa ba sa nuna gaɓa ɗaya. A 2009 wasu masu bincike, akasarinsu 'yan sana'ar, suka auna nazariyyar da ƙa'idojin da ake bi wajen tabbatar da cewa abu kaza ne sanadin cuta kaza, suka ce ba ta cika su ba. A 2010 majalisar da ke kula da kairofiraktoci a Birtaniya ta sanar da mambobinta cewa babu hujjar bincike da za ta ba su damar cewa sabulakseshan yana haddasa cuta.

Zaɓi na farko: kairofirakta mai bin tsohuwar nazariyya

Ana gane shi daga maganarsa. Zai nuna taswirar gadon baya da layuka zuwa hanta da huhu da mahaifa, ya ɗauki hoton ƙashi na dukan baya, ya zana layi a kai ya ce ga inda aka goce. Ta fuskar hujja, an gwada abin da yake faɗa kai tsaye. Wani gwaji da aka yi a Kanada aka buga a 1998 ya kwatanta dannawa ta gaske da ta kwaikwayo a kan yara masu asma, ba a ga bambanci a numfashinsu ba. A 2019 masu bincike 50 daga ƙasashe 8 suka taru a Toronto suka tace nazarce-nazarcen da aka yi kan kukan ciwon ciki na jarirai, da asmar yara, da hawan jini, da ciwon mara na al'ada, da ciwon kai na ɓari guda, suka fitar da sakamako a 2021 cewa ba su sami hujjar amfani ba.

Ta fuskar kuɗi, wannan ne ya fi tsada a ƙarshe, domin tsarinsa shi ne a sayar wa mutum zuwa da yawa a dunƙule, a biya tun farko, sannan a ce ya ci gaba da zuwa ko ya warke don kada ƙashin ya sake gocewa. Maganar ɗorewa ba ta ma taso ba, tunda nazariyyar da kanta ta ce gyaran ba ya ƙarewa. Haɗarinsa mafi girma shi ne jinkiri. Mai hawan jini da ya ajiye ƙwayoyinsa saboda an ce an buɗe masa jijiya yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, haka ma yaron da aka rage wa maganin asma. Ga kuma illar hasken hoton ƙashi da ake maimaitawa ba bisa larura ba. Batun jarirai ya fi tayar mini da hankali, domin ƙasusuwansu ba su ƙosa ba kuma ba su da bakin cewa a bari. A Ostireliya, bayan bidiyon wani kairofirakta yana yi wa jariri ɗan mako biyu aiki ya bazu a 2019, hukumar sana'ar ta ƙasar ta dakatar da danna gadon bayan yara 'yan ƙasa da shekara 2.

Zaɓi na biyu: kairofirakta mai tsayawa kan ciwon baya da gaɓoɓi

Wannan ba ya da'awar warkar da kayan ciki. Yana tambayar tarihin ciwo, ya gwada ƙarfin ƙafafu da jin taɓi, ya danna ko ya motsa gaɓoɓi, ya koyar da motsa jiki, ya tura mutum asibiti idan ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. A nan hujja tana nan, sai dai ba ta kai yadda bidiyo ke nunawa ba. Wani nazari da mujallar likitanci ta BMJ ta buga a 2019 ya tattara gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 9,211 masu daɗaɗɗen ciwon baya, ya gano cewa dannawa tana rage ciwo kwatankwacin sauran hanyoyin da ake ba da shawara a kansu, kamar motsa jiki, ba ta fi su ba kuma ba ta gaza su ba. Ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta sa ta cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin magani a ƙa'idojinta na 2017, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya kuma ta yarda da ita a 2016 bisa sharaɗin a haɗa ta da motsa jiki.

Game da kuɗi, akwai wani gwaji da aka yi a Seattle aka buga a 1998 wanda har yau yake da amfani. An raba mutum 321 masu ciwon ƙasan baya gida uku, wasu wurin kairofirakta, wasu wurin fisiyo, wasu aka ba su ɗan littafin bayani kawai. Cikin shekara 2, matsakaicin abin da aka kashe wa kowane mutum shi ne dala 429 a rukunin kairofirakta, dala 437 a rukunin fisiyo, dala 153 a rukunin littafi, kuma rukunan biyu na farko sun ɗara na ukun da kaɗan ne kawai. Game da ɗorewa, adalci ne a faɗi cewa wani gwaji na ƙasar Suwidin da aka buga a 2018 ya nuna masu ciwon da ke yawan dawowa, waɗanda dama suka ji daɗin dannawa tun farko, sun sami ragin kimanin kwana 13 na ciwo a shekara da aka riƙa duba su lokaci-lokaci. Wannan riba ce ta gaske amma ƙarama, kuma ta shafi zaɓaɓɓun mutane ne, ba za a kafa hujja da ita a ce kowa ya riƙa zuwa har abada ba.

Zama ɗaya ba ya ɗaukar lokaci kuma ba ya neman wahala daga marar lafiya, wannan ne sauƙinsa. Wahalarsa ita ce samun ƙwararre na gaske. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2005 ta nemi horo na aƙalla sa'o'i 4,200, kuma a nahiyar Afirka sanannun wuraren koyarwa suna Durban da Johannesburg a Afirka ta Kudu. A Nijeriya masu wannan horo ƙalilan ne, kuma hukumar MRTB mai yi wa likitocin fisiyo rajista ita ce doka ta ɗora wa rajistarsu, don haka tambayar shaidar rajista haƙƙin marar lafiya ne. Wanda ya koyi murɗa wuya daga bidiyo ya buɗe shago ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan.

Haɗari iri biyu ne. Ƙarami shi ne tsamin jiki ko ƙarin ciwo na kwana ɗaya ko biyu, wanda ke samun mutane da yawa kuma yana wucewa. Babba shi ne tsagewar jijiyar jini da ke bi ta cikin ƙasusuwan wuya zuwa ƙwaƙwalwa, abin da kan jawo shanyewar ɓarin jiki ko ga matashi. Abin ba ya yawan faruwa, kuma masana suna jayayya a kan sanadi, domin wani babban nazari na lardin Ontario a 2008 ya ga alaƙar da ke tsakanin zuwa wurin kairofirakta da shanyewar jiki tana nan ga waɗanda suka je wurin likitan asibiti ma, wato mai yiwuwa jijiyar ta riga ta fara tsagewa ne ciwon wuyan ya kai mutum neman magani. Duk da haka, ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce a 2014 a sanar da marar lafiya wannan alaƙa kafin a murɗa masa wuya. Ra'ayina shi ne, tunda motsa gaɓoɓin wuya a hankali yana ba da sauƙi kwatankwacin fizgar, babu dalilin karɓar fizgar.

Akwai abin da ya shafi yankinmu musamman. Tarin fuka yana da yawa a Nijeriya da maƙwabtanta, kuma yana kama gadon baya ya cinye ƙashi a hankali, ya fara da ciwon baya da zazzaɓin dare da rama kafin ƙusumbi ya fito. Danna irin wannan baya da ƙarfi yana iya rusa ƙashin ya taɓa laka. Haka abin yake ga mai sikila, da tsohuwar da ƙashinta ya yi taushi, da wanda daji ya bazu zuwa ƙashinsa, da mai shan maganin tsinka jini. Wannan gargaɗi ya hau kan maɗori da mai tausa na gida ma, waɗanda mutane da yawa ke fara zuwa wurinsu, domin gwanintar maɗori a karaya take, yawancin ciwon baya kuwa babu karaya a cikinsa.

Zaɓi na uku: likitan fisiyo

Aikinsa na asali shi ne ya gano motsin da ke tayar da ciwo, ya tsara atisayen da zai ƙarfafa tsokokin ciki da baya da cinya, ya koya wa mutum yadda zai koma aikinsa. Da yawansu sun iya dannawa da motsa gaɓoɓi da hannu, don haka wanda yake son wannan ɓangare yana iya samunsa a nan ba tare da nazariyyar gocewa ba. A rage ciwo na yanzu, hujjarsa daidai take da ta zaɓi na biyu. Inda ya yi fice shi ne hana ciwo dawowa. A gwajin da mujallar Lancet ta buga a 2024, an ɗauki mutum 701 a Ostireliya da suka warke daga ciwon baya, aka sa likitocin fisiyo su tsara wa rabinsu tafiyar ƙafa da bayani. Waɗanda suka bi tsarin sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon da ke hana aiki ya dawo, sauran kuwa kwana 112.

Samunsa ya fi sauƙi a wurinmu, domin akwai sashen fisiyo a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin gwamnati, irin su Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, Jami'ar Bayero kuma tana yaye masu wannan ilimi. Nauyinsa shi ne yana neman haƙuri da naci, mutum ya shimfiɗa tabarma safe da yamma ya yi abin da aka koya masa ko ba ya jin daɗi, kuma a nan ne da yawa suke sarewa. Akwai kuma gyara a kansa. Idan zaman ya tsaya a kan fitilar gashi da na'urar lantarki da jan baya da igiya, an bar abin da ya fi amfani, domin ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya ba ta goyi bayan jan baya da na'urar lantarki da ɗamarar ƙugu ba, ta fi ƙarfafa motsa jiki da ilimantarwa. Haɗarinsa shi ne mafi ƙanƙanta cikin huɗun.

Zaɓi na huɗu: likitan asibiti

Babban amfaninsa shi ne tantancewa, domin shi ne zai iya gwada jini da fitsari ya bambance ciwon tsoka da na ƙoda, ko na mahaifa, ko tarin fuka. Kimanin kashi 90 cikin 100 na ciwon ƙasan baya ba a samun wata cuta takamaimai a bayansa, amma ragowar ne ke kashewa ko nakasawa, kuma ba a gano su da hannu kawai. Rauninsa yana wajen hoto da magani. Wani nazari na 2015 kan mutanen da ba sa jin ciwon komai ya nuna kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 suna da alamar lalacewar faifai a hoto, a 'yan shekara 80 kuwa kashi 96, don haka hoton MRI mai tsada yana iya tsorata mutum da abin da ba shi ne ciwonsa ba. Magunguna irin su ibufurofen da dikulofenak suna taimakawa na ɗan lokaci, amma daɗewa a kansu yana jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Masu ƙarfi irin su tiramadol suna da haɗarin zame wa mutum jaraba, kuma wani gwaji na 2023 ya nuna magani na wannan dangi bai fi ƙwayar da babu komai a cikinta ba wajen sabon ciwon baya da wuya. Tiyata tana da gurbinta idan jijiya ta dannu da gaske, amma yawancin masu zafin da ke sauka ƙafa suna samun sauƙi cikin makonni 6 zuwa 12 ba tare da ita ba.

| Ma'auni | Kairofirakta mai tsohuwar nazariyya | Kairofirakta mai tsayawa kan baya | Fisiyo | Likitan asibiti |
|---|---|---|---|---|
| Hujja | Babu, ga cututtukan ciki | Matsakaiciya, ga ciwon baya | Matsakaiciya, da ƙarfi wajen rigakafi | Mai ƙarfi wajen tantancewa |
| Kuɗi | Mafi yawa, ba ya ƙarewa | Matsakaici idan an iyakance zuwa | Matsakaici, ya fi sauƙi a asibitin gwamnati | Kaɗan a ganin likita, mai yawa a hoto da tiyata |
| Ɗorewa | Ba a nuna ba | Gajere, sai an haɗa da atisaye | Mafi tsawo ga mai naci | Magani gajere ne |
| Sauƙi | Zuwa da yawa | Zama gajere, ƙwararru ƙalilan | Yana neman ƙoƙari a gida | Ana samu, akwai layi |
| Haɗari | Jinkirta magani, hoto barkatai | Tsamin jiki, jijiyar jinin wuya | Ƙanƙani | Illar magani da ta tiyata |

Wa ya dace da wanne

Wanda ciwon bayansa ya zo da riƙewar fitsari ko zubarsa ba da sani ba, ko mutuwar fata a tsakanin cinyoyi, ko raunin ƙafa da ke ƙaruwa, asibiti zai nufa a ranar, domin jijiyoyin ƙarshen laka idan suka daɗe a matse sau da yawa ba sa dawowa. Haka wanda yake da zazzaɓi da rama da gumin dare, ko tarihin daji, ko ya faɗo daga sama ko ya yi haɗarin mota, likita ne farkonsa, kuma kada kowa ya danna masa baya kafin a duba.

Wanda bayansa ya riƙe kwanan nan bayan ɗaukar buhu ko doguwar tafiya a mota, kuma babu ɗaya daga cikin waɗancan alamu, mafi yawa zai warke cikin 'yan makonni idan ya ci gaba da motsi, ya gasa wurin da ruwan ɗumi, ya guji kwanciya wuni guda. Idan yana son a taimaka masa da hannu, fisiyo ko kairofirakta mai rajista duk ɗaya ne, da sharaɗin a yanka wa'adi, idan an yi kamar wata guda babu canji a sake shawara. Wanda ciwonsa ke tafiya yana dawowa shekara da shekaru, kamar direba ko tela ko mai zaman ofis, fisiyo mai tsarin atisaye da tafiyar ƙafa ya fi dacewa da shi, dannawa kuma ta zama ƙari a lokacin da ciwon ya motsa. Mai ciwon wuya ya nemi atisaye da motsawa a hankali, kuma idan ciwon ya zo farat ɗaya da jiri ko gani biyu-biyu ko nauyin harshe, wannan na gaggawa ne a asibiti.

Wanda kuwa abin da ke damunsa asma ce, ko hawan jini, ko rashin haihuwa, ko jaririn da ke kuka da dare, aka ce masa daga gadon baya ne, ya kai matsalar wurin likitan wannan fanni, ya ci gaba da shan maganin da aka rubuta masa, kuma kada ya biya kuɗin zuwa da yawa a dunƙule kan alkawarin buɗe jijiya.